Ƙarƙashin Gadon Naja'atu

Ranar da aka sallami Naja'atu daga asibiti, likita ya zaunar da mijinta, Alhaji Ɗalha, ya yi masa bayani dalla-dalla kamar mai koya wa yaro alwala. Ya ce giya ta fita daga jikinta, amma wannan shi ne ɓangare mai sauƙi. Ko ta tsira ko ta koma sha, a gida za a yanke wannan, ba a asibiti ba. Kada ta zauna inda za ta ga kwalba ko ta ji warinta. A bar ta da sana'ar da za ta cinye mata yini. Kada a ƙyale ta ita kaɗai da tunani. Ta sha maganinta, a kuma dawo da ita duk ranar da aka sa mata.

Alhaji Ɗalha ya gyaɗa kai ga kowace magana, ya ce in sha Allahu, har ya ƙara da cewa shi fatansa Allah ya shiryi masu sayar wa mutane wannan ƙazanta. Likita ya ce amin. Naja'atu ta ɗago ta dubi mijinta, ta sake sunkuyar da kai.

A Maigatari kuwa, abin da unguwa ta sani shi ne gyambon ciki ne ya kwantar da ita a Kano. Uwar mijinta, Hajiya Kyauta, ita ta zaɓo wannan ciwo, don ciwo ne mai mutunci, matan manya ma suna yin sa. Mata suka yi ta shigowa sannu, kowace da shawararta: ta bar yaji, ta bar tsami, ta yawaita madara. Naja'atu ta yi ta cewa to. Ta ɗan murmure, idonta ya washe, hannunta ya daina rawa in ta ɗauki kofi. Da matan suka watse sai ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gadonta. Babu komai sai ƙura da wani tsohon takalmin 'yarta. Ta zauna a ƙasa ta yi kukan jin daɗi.

Alhaji Ɗalha mai sayar da dusa da harawa ne. Haka kowa ya san shi, haka ma aka rubuta a jikin motarsa. Yana tsallaka iyaka yana dawowa, ranar Alhamis yana baje buhuna a kasuwar dabbobi. Dusar ta gaskiya ce, raguna suna ci suna ƙiba. Sai dai a tsakiyar buhunan akwai kwalaye, kuma kwalayen nan su suka kai shi Makka, suka kai Hajiya Kyauta, suka sa wa masallacin unguwa fanka. A gidan ba a kiran abin da sunansa, kayan Alhaji ake cewa. Tun da aka kawo Naja'atu gidan, a ƙarƙashin gadonta kayan Alhaji suke zama, domin 'yan Hisba suna iya buɗe shago, suna iya zazzage mota, amma babu mai ɗaga labulen matar aure. Ita ce kuma mai juye abin daga kwalabensa zuwa robobin zoɓo da na maganin basir, yadda za a fita da shi da rana tsaka ba mai tambaya. A bakin wannan aiki ta koyi sha, shekarar da ta yi ɓari ta rasa barci.

Jin daɗinta bai yi nisa ba. Wata Alhamis da la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida, aka jibge buhuna a zaure, Alhaji da kansa ya riƙa shigo da kwalaye yana tura su inda suka saba zama, yana nishi saboda tumbi. Naja'atu tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

"Alhaji, ba ka ji abin da likita ya ce ba?"

"Na ji mana. Ya ce kin warke."

"Ya ce kada in zauna kusa da ita."

Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "To in kin warke, tsoron me kike yi? In kuma ba ki warke ba, me na kai ki Kano yi? Ki zaɓi ɗaya."

Ta roƙe shi ya kai kayan shago. Ya ce shago a bakin titi yake. Ta ce ɗakin zaure fa. Ya ce nan baƙi suke sauka, wasunsu malamai ne. Ta yi ƙasa da murya ta ce ko ɗakin Hajiya. Ashe Hajiya tana tsakar gida tana jan carbi da kunne a buɗe. Ta ce ɗakinta ɗakin salla ne, akwai Alƙur'ani, akwai ruwan zamzam, ba za ta kori mala'iku da tsufanta ba. Ba wanda ya tambaya ko ɗakin Naja'atu yana da bukatar mala'iku.

Aikin juyen ma ya dawo hannunta. Hajiya ba ta taɓawa, don kullum cikin alwala take. Alhaji ba shi da lokacin zama da mazurari kamar mai sayar da kananzir. Bare kuwa baki gare shi. Saboda haka wadda ta fi cancanta da zama a rufaffen ɗaki yana tsiyayar giya, a ganin mutanen gidan, ita ce matar da aka sallamo jiya daga jinyar giya.

Naja'atu ta yi iya yinta, wannan kam ko Hajiya ba za ta musa ba in da za a rantsar da ita. Takan shafa man zafi a hanci, ta ɗaure fuska da ɗankwali, ta cika baki da kanumfari, ta yi aikin da sauri tana kau da kai. In ta gama sai ta wanke hannu da omo har fatar ta fara saɓulewa, ta fito ta zauna a gindin darbejiya, ba ta komawa ɗakin sai dole. Da ta ce za ta riƙa shimfiɗa a madafi, Hajiya ta ce me za a ce in aka ga matar Alhaji kwance kusa da murhu kamar mage.

Ta tambayi keken ɗinkinta. Kafin ciwon ya ci ƙarfinta ita ke ɗinka wa rabin matan unguwa hijabi. Aka ce mata an ba ƙanwar Alhaji aro a Gumel, kuma karɓo aro daga hannun 'yar'uwa rashin kara ne. Daga baya Alhaji ya faɗi gaskiyar: ɗinki yana jawo mata, mata suna zama a bakin gado, wata sai ɗanta ya rarrafa ƙasa.

Ta tambayi 'yarta. Ummulkhair, wadda ta shiga aji biyu a firamare, tun tafiyar uwarta asibiti aka mayar da ita ɗakin Hajiya, kuma a can aka ce za ta ci gaba da zama har a ga kamun ludayin uwar. Yarinyar takan tsaya daga nesa ta gaishe ta kamar baƙuwa, ta ruga. An gaya mata Umma ba ta da lafiya, kada a dame ta.

Da safe in Naja'atu ta durƙusa gaisuwa, sai Hajiya ta kurumce. Ta ce ta matso, ba ta ji ba. Ta ƙara matsowa. Sai tsohuwar ta kara hanci a bakinta ta ja numfashi, sannan ta amsa. Wannan kurumta da safe kawai take zuwa. Da rana Hajiya tana jin faɗuwar cokali daga bayan katanga.

Ranar komawa asibiti ta zo ta faɗo Alhamis, Alhaji ya ce kasuwa. Da aka sa wata ranar ya ce mota tana wurin bakanike. Daga nan ya ce yawan zirga-zirgar nan ta Kano ita za ta tona asiri, gyambon ciki ba ya bukatar wannan sintiri. Maganin kuwa, Hajiya ta aika da kwalinsa wurin Abdulganiyu mai kemis ya karanta mata, ya ce irin wanda ake ba masu damuwar ƙwaƙwalwa ne. Ranar ta juye shi a masai. Ta ce ba za a ajiye maganin mahaukata a gidan da ake renon 'ya mace ba, gobe in masu neman aure suka zo bincike me za a gaya musu.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a asibitin, Sista Rahama, wadda ta riƙe Naja'atu lokacin da jikinta ke karkarwa a kwanakin farko. Da ta ga shiru sai ta bugo waya. Wayar kuwa tana hannun Hajiya, don an yanke shawara waya tana cikin abin da ke lalata matan zamani. Hajiya ta ce alhamdu lillahi jiki ya yi kyau sarai, ta shi mata albarka, ta yi wa iyayenta addu'a, ta kashe wayar ta tura ƙarƙashin filo. Naja'atu tana jin komai daga bakin rijiya.

Da haihuwa ta faɗo a danginsu na Gagarawa, aka ba ta izinin zuwa suna. Bayan an watse ta sami mahaifinta, Malam Ɗantsoho, a inuwar rumbu yana gyaran fartanya. Uwarta ta daɗe da rasuwa, sai ƙanwar uban, Gwaggo Mairo, wadda mijinta ya mutu ta dawo gida tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. A gabansu su biyu Naja'atu ta faɗi komai: ciwon da ya kai ta Kano, abin da ke cikin buhunan dusa, abin da ke ƙarƙashin gadonta, da aikin da take yi da hanci a ɗaure. Ta ce ita ba saki take nema ba. So take Baba ya kira Alhaji ya ce ya fitar da kayan, ko kuma a bar ta ta zauna a nan har ta ji ƙarfin kanta.

Malam Ɗantsoho ya daɗe yana kallon rufin ɗakinsa. Rufin kwano ne, sabo, yana ƙyalli, kuma ba kuɗin riɗi ne suka yi shi ba. Takin da ke jingine a zaure ma kowace damina daga Maigatari yake zuwa.

"Ni dusa na san yana sayarwa," in ji shi.

"Baba, da hannuna nake juyewa."

"Ɗura miki yake yi?"

Ta ce a'a.

"To ki ji tsoron Allah ki kame bakinki. Abin da ke ɗakin miji ba a kawo shi inuwar rumbu."

Gwaggo Mairo ta ce a bar mata Naja'atu ko zuwa kaka ne, ɗakinta ya ishe su. Ya ce ita ba ta san komai ba sai matsar ƙuli. Matar aure ba ta zama a gidan ubanta ba dalili, mutane za su fara tambaya. Washegari aka sa ta a mota, da ƙullin gyaɗa tsarabar Hajiya.

Gab da azumi ciniki ya buɗe, don masu sha suna son su yi bankwana da kyau. Kwalaye suka cika ƙarƙashin gado suka fito har bayan ƙofa. Zafin bazara ya sauko, babu wuta, ga tagar ɗakin a rufe saboda wari. Ranar da abin ya faru, Naja'atu tana zaune a ƙasa tun hantsi, gumi ya jiƙa ɗankwalin da ke fuskarta har ta cire shi don ta sami numfashi. Sai ta ji Ummulkhair ta faɗi a tsakar gida ta fasa kuka. Ta yunƙura za ta tashi. Yarinyar ta zo da gudu, gwiwa tana jini, ta wuce ƙofar uwarta ko waiwaye babu, ta faɗa ɗakin Hajiya.

Naja'atu ta koma ta zauna. Akwai ragowa a gindin kwalbar da ke hannunta, wadda ba ta kai a zuba a roba ba. Ta daɗe tana kallonta. Ba ta yi wani dogon tunani ba, ba ta kuma ji muryar kowa tana zuga ta ba. Ta ɗaga ta shanye, ta jira ta ji ko sama za ta faɗo. Ba abin da ya faɗo. Abin da ta ji kawai shi ne ƙullin da ke ƙirjinta tun dawowarta ya saki. Ta buɗe sabuwa.

Hajiya ce ya kamata ta fara ganewa, amma kanumfari ya rufe mata hanya. Alhaji ne ya gane, shi ma ba daga fuskar matarsa ba. Masu saye ne suka fara ƙorafi cewa maganin basir ɗin bana ba shi da ƙarfi, kamar an sirka shi da ruwa. An kuwa sirka, don Naja'atu tana cike gurbin abin da ta sha daga randa. Ya shigo ɗakin a fusace ya same ta kwance a ƙasa tana yi wa silin murmushi. Abin da ya fara yi shi ne duba kwalaye.

Hajiya ta ce ai ta faɗa tun farko, mai hali ba asibiti ke gyara shi ba. Fuskarta har wani haske ta yi, irin na wanda ya daɗe yana jiran baƙo ya iso. Alhaji ya ce likitocin nan macuta ne, sun riƙe masa mata wata da watanni sun dawo masa da ita yadda take. Suka zauna uwa da ɗa suka duba lamarin, suka ga komawa asibiti ba shi da amfani, kuma gyambon ciki ba ya sa mace tangaɗi a tsakar gida. Ana bukatar sabon ciwo. Suka tsaya a kan aljani. Mai aljani tausayinta ake ji, har a tausaya wa mijinta.

Aka ɗauko wani Malam Sha'aibu daga wajen Sule Tankarkar, wanda aka ce aljanu suna jin sunansa su yi ƙaura. Da ya shigo ɗakin babu kujera, sai Alhaji ya jawo kwali ɗaya ya shimfiɗa masa darduma a kai. Malam ya hau ya harɗe. Ya turnuƙe ɗakin da hayaƙi, ya yi ta kwarara karatu a kunnen Naja'atu, yana tsula mata tsumagiya a ƙafa yana cewa a faɗi suna. Da ta gaji ta ce sunanta Naja'atu. Ya ce ƙarya ne. Can ya gano cewa arnen aljani ne, ɗan bakin teku, ya biyo motocin kaya ya shige ta a bakin iyaka, kuma shi ke shan giyar da bakinta.

Wata maƙwabciya da ta leƙo ta tambaya, cikin neman sani, ina aljanin yake samun giya a gidan Musulmi irin wannan. Malam ya ce aljani kafin ƙiftawar ido ya je Kwatano ya dawo. Yana faɗa yana gyara zama, kwalabe suka yi ƙara a ƙarƙashinsa. Alhaji ya kama tari. Naja'atu ta fashe da dariya, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba, har da hawaye. Malam ya ce kun ji shi, raina mu yake yi, ya ƙara mata tsumagiya. Ya tafi da rago da buhun dusa, ya bar rubutun sha da hayaƙi. Washegari aka miƙa mata mazurari, don sallah ta matso kuma oda ta yi yawa.

Daga nan kwanakinta suka zama iri ɗaya. Ta daina shafa man zafi, ta daina fita gindin darbejiya. Ta rame, ƙafafunta suka kumbura, abinci ya ƙi zama a cikinta. Alhaji ya fara sa wa kwalaye alama da biro. In ya ga an taɓa sai ya mare ta, ya ce aljanin yake mari. Matan unguwa suka daina shigowa don kada abin ya yi tsalle ya kama su. Ummulkhair aka hana ta ko wucewa ta ƙofar.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, majalisa ta cika a rumfar ƙofar gidan Alhaji kamar yadda aka saba, ana cin gyaɗa ana gyara duniya. Sai ga Naja'atu ta fito daga zaure, ba mayafi, ba takalmi, da roba a hannu. Ta tsaya tana layi, ta yi musu sallama cikin ladabi. Wasu suka amsa don ba su san abin yi ba.

Ta dubi wani mahauci da ke gefen tabarma. "Bappa, ya basir ɗin? Robobinka suna dawowa ba a wanke ba, ka riƙa ɗaurayewa." Ta juya ga mai kemis. "Malam Abdulganiyu, naka ne na sirka da ruwa, ka yafe mini." Sannan ta ɗaga robar ta nuna wa kowa. "Giya ce. Ni nake zubawa. Tana ƙarƙashin gadona, ku shigo ku gani, na ɗaga muku labule."

Ba wanda ya motsa. Bappa ya sami wani abu mai muhimmanci a tafin ƙafarsa ya tsaya duba shi. Wannan majalisa ce da ba ta taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba, ko ganin wata sai an rabu biyu. Amma da wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce lallai aljanin nan ya yi ƙarfi, Allah ya ba Alhaji haƙuri, sai ga amin ta tashi gaba ɗaya kamar an haɗa baki.

Kafin la'asar an rubuta takardar saki. Dalilin da Alhaji ya bayar shi ne ta fita gaban maza ba mayafi, abin da mutuncin gidansu ba zai ɗauka ba. Aka tura ta a mota zuwa Gagarawa da jakar kayanta. Da ta ce a ba ta 'yarta, Hajiya ta ce ba a ba mashayiya renon yarinya. Wannan ne karo na farko da mutanen gidan suka kira abin da sunansa. Da aka zo maganar 'ya, aljani ya sauka, laifin ya koma na Naja'atu.

A Gagarawa jikinta ya kama karkarwa, tana gumi tana amai tana ganin abubuwa a bango. Malam Ɗantsoho ya tsiri yini a gona duk da ba a fara ruwa ba. Gwaggo Mairo ba ta nemi izinin kowa ba. Ta ɗaura ɗamara, ta tallabe ta zuwa bakin titi, ta tsayar da motar haya, ta riƙe mata kai a cinya har Kano.

Naja'atu ta ɓoye fuska da ta hango Sista Rahama. Sistar ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce da yawa suna komawa kafin su tsaya da ƙafarsu, faɗuwa ɗaya ba ita ce ƙarshen magana ba. Ta tambayi abin da ya faru a gida, Naja'atu ta faɗa, Sista ta ajiye biro. Sannan ta tambaya in an sallame ta wannan karon ina za ta zauna, da wa, tana yin me. Gwaggo Mairo ta ce a ɗakinta, da ita, kuma akwai gyaɗar da za ta ishi mutum biyu matsa har hannu ya mutu.

Haka kuwa aka yi. Naja'atu ta dawo ta kama suyar gyaɗa da murza ƙuli, aikin da ke sa mutum barci tun kafin ya kai shimfiɗa. Akwai ranakun da abin yake taso mata har ta ciji zani, sai Gwaggo ta zauna kusa da ita ta yi ta ba ta labarin rigingimun da ta sha da marigayi mijinta har abin ya lafa. Maganinta yana cikin kwanon sha a saman akwati inda kowa ke gani. Ranar asibiti kuwa ko ana ruwa sai sun tafi. In wani mai son jin gulma ya tare su a tasha ya tambayi ina zuwa, Gwaggo takan ce, "Asibitin masu shaye-shaye. Kana da saƙo?" Ba a cika maimaita tambayar ba.

Mutanen Maigatari har yau suna ba da labarin matar Alhaji Ɗalha da asibiti ya kasa, malamai suka kasa. Ba a cewa an dawo da ita ɗakin da aka ɗauke ta, an karɓe mata keke, an karɓe mata 'ya, an zubar mata da magani, an ba ta mazurari. Wanda ya yi wannan yana sahun gaba a ƙarƙashin fankar da ya saya, ana yi masa addu'ar samun mace tagari a gaba. Wadda aka yi wa ita ce abin misali in ana yi wa 'yan mata faɗa.

Bayan kaka, da Naja'atu ta yi ƙwari, Gwaggo Mairo ta shirya ta tafi Maigatari roƙon a ba su Ummulkhair ko hutun makaranta ta yi a wurin uwarta. Hajiya Kyauta ta karɓe ta a tsakar gida, ta ba ta ruwa, ta yi mata wa'azi mai tsawo a kan tarbiyya da irin gidan da ya kamata 'ya mace ta tashi a ciki. Gwaggo ta ce to a kira mata yarinyar su gaisa. Aka ce tana aiki. Gwaggo ba ta jira an yi mata iso ba, ta tashi ta ɗaga labulen tsohon ɗakin Naja'atu.

Ummulkhair tana zaune a ƙasa da kayan makaranta a jikinta, robobi sun kewaye ta. Ta riƙe kwalba da hannu biyu tana tsiyayawa a hankali, harshe a waje don kada ta zubar. Hajiya tana bayan Gwaggo tana cewa ai na ɗan lokaci ne, kafin Alhaji ya yi aure, kuma yarinya ba ta san ko mene ne ba. Yarinyar ta ɗago ta gaida Gwaggo, ta ce ita ma ta iya, ba ta ɓarar da ko ɗigo. Ta ce da farko warin yana sa ta amai, amma yanzu ta saba.

Gwaggo ta dawo Gagarawa da rana tsaka, ta sami Naja'atu a bakin kasko, Malam Ɗantsoho yana gefe yana cin ƙuli mai zafi. Ba ta rage komai ba, ta faɗa musu abin da ta gani da abin da yarinyar ta ce. Naja'atu ta sauke kaskon daga wuta, ta wanke hannu, ta shiga ɗaki ta fito da hijabi. Ta tambayi Gwaggo ko kotun Gumel tana zama gobe, kuma ofishin 'yan Hisba yana kusa da ita ne ko sai an hau babur.

Malam Ɗantsoho ya ajiye ƙulin. Ya ce ta yi wa Allah ta zauna. In ta je gaban alƙali, sai an tambaye ta ita wace ce, sai an tono asibiti, duniya duk za ta san ta sha giya.

"Baba, wannan duniya ta riga ta sani," in ji Naja'atu. "Wanda ya sayar ne ba a faɗa ba tukuna."

Gwaggo Mairo ta rufe man gyaɗarta, ta ɗauki mayafi, suka fita bakin titi jiran mota.